Gangar jikin bindiga ta zaren kabon: abin da na gani bayan na yi aiki da ita

In ana maganar aikin da ran mutum ya rataya a kansa, ba zan ba kowa shawarar ya ɗauki AR-15 mai gangar jikin kabon ba. Gangar jiki ita ce akwatin tsakiyar bindiga da bututu da gindi ke haɗuwa a jikinsa, kuma a AR-15 ɓangare biyu ne, na sama da na ƙasa. Na mallaki guda, sama da ƙasa duka na kabon, na yi harbin gwaji da ita a fili tsawon lokaci, kuma ina son ta. Amma tsakanin so da dogaro akwai tazara.

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne yawancin abin da ake tallata wa da sunan "kabon" a wannan ɓangare ba saƙaƙƙen zaren nan ba ne da ake jerawa falle-falle a jikin jirgin sama ko motar tsere. Robar nailan ce aka cakuɗa da guntayen zaren kabon, aka narka, aka ɗura a mazubi. Tana da ƙarfi, ba shakka, amma ba irin ƙarfin da sunan ke sa mutum tsammani ba.

Rashin nauyinta gaskiya ne. Ranar da na fara ɗaga ta na ji bambanci a hannu, kuma mai yawo da bindiga a kafaɗa tun safe har yamma zai gode wa kowane giram da aka rage masa. Ba ta tsatsa, ba ta ƙona hannu da sanyi. Kuma ba na tsoron ta fashe, domin a tsarin da Eugene Stoner ya zana wa kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950, sakata, wato ƙarfen da ke toshe bayan harsashi lokacin harbi, tana kullewa ne a cikin ƙarfen gindin bututu. Matsin harsashi a can yake ƙarewa, gangar jiki ba ita ke ɗaukarsa ba.

Matsalar tana wurin da bututun sifirin, wanda ke mayar da sakata gaba bayan harbi, ke ɗaurewa a bayan ɓangaren ƙasa. Zobe ne siriri mai haƙoran ɗauri, kuma an auna kaurinsa ne da alminiyam mai ƙarfi samfurin 7075-T6 da aka buga a maƙera, wanda shi ne ma'aunin bindigogin soja irin su M16 da M4. Sai aka kwafi wannan siffa daidai wa daida aka zuba da roba. Duk dukan da sakata ke yi in ta dawo baya, duk lokacin da gindin bindiga ya bugi ƙasa, wannan zoben ne ke sha. A tawa, wata rana ina goge ta sai farcena ya maƙale a wani layi siriri kamar gashi, ya taso daga gefen zoben ya nufi ramin fil na baya. Da na haska fitila na ga tsaga ce. Bindigar ba ta taɓa faɗuwa daga wuri mai tsayi ba, kuma babu wata alama da ta gargaɗe ni kafin nan. Wannan shi ne ya fi damuna: alminiyam yakan lanƙwashe ko ya loɓa ya nuna maka ya ji jiki, ita kuwa wannan robar tana nan lafiya ƙalau a ido har ranar da za ta tsage.

Ɓangaren sama kuma zafi ne abokin gabarsa. In na yi harbi a jere bututu ya ɗau zafi, sai in ga harsasai sun fara barin inda na saita madubin auna hari, sannu a hankali. Bututun a jikin roba yake ɗaure, madubin ma a kan roba yake zaune, roba kuwa tana saki in ta ji wuta. Irin wannan ƙorafi ne ya tayar da ƙura a Jamus kan bindigar sojansu G36, har ministar tsaro ta wancan lokacin Ursula von der Leyen ta ce a 2015 bindigar ba ta da makoma a rundunarsu, ko da yake a 2016 wata kotu a Koblenz ta wanke kamfanin da ya ƙera ta Heckler & Koch daga biyan diyya.

Kada a ɗauka ina ƙin roba ne a bindiga. Steyr AUG tun 1977 take aiki, Glock 17 tun farkon shekarun 1980, kuma sun tabbatar da kansu. Bambancin shi ne tun daga takarda an zana su ne don roba, an ƙara kauri inda ake bukata, an dasa ƙarfe inda ake gogayya. Ko a dangin AR-15, ƙirar KP-15 ta haɗe gindi da mariƙi da gangar ƙasa wuri guda, ta kawar da wancan zoben gaba ɗaya. Wannan tunani ne mai kyau.

Sannan a yi lissafi. Gangar ƙasa ta alminiyam tsirara ba ta wuce kimanin giram 250 ba, a bindigar da ke kusan kilo 3. Abin da kabon zai rage maka kaɗan ne daga wannan, kuma a tsakiyar bindiga, inda nauyi bai cika gajiyar da hannu ba. Wanda ke son sauƙi ya sa kabon a rigar bututu, wato murfin da ke lulluɓe bututu inda hannun gaba ke riƙewa, ko a gindi, nan ne na ga amfaninsa sosai, don gaban bindiga ne ke karya hannu.

Yanzu na mayar da sama da ƙasa na alminiyam, na bar rigar bututu ta kabon. Mai harbin nishaɗi jefi-jefi, ko mai harhaɗa mai ƙaramin harsashi na .22 don koyo, gangar kabon za ta ishe shi, muddin yana duba zoben nan na baya da fitila duk lokacin da zai goge ta.