Ruwan Zafi a Cikin Duwatsu: Wanne Ya Kamata Mutumin Ƙauye Ya Nufa?

Da zarar an kammala girbi an sayar da riɗi, kafin aikin noman rani ya kankama, mutanenmu na yankin Birnin Kudu da Gwaram sukan fara shawarar zuwa idon ruwan zafi, wasu don buɗe ido, wasu kuma don sun ji an ce yana sassauta sanyin ƙashi. Tafiya ce mai cin kuɗi, kuma wuraren ba ɗaya suke ba, saboda haka ya kamata mutum ya san abin da zai tarar kafin ya sayar da akuyarsa.

Mafi kusa da mu shi ne Wikki, a gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi. Ana bi ta Ningi a shiga garin Bauchi, a kama hanyar Gombe zuwa Dindima, sannan a karkata. Ɗumin ruwan ba ya wuce digiri 31 dare da rana, kuma garau yake har mutum yana hango farin yashin ƙasansa da yatsun ƙafarsa. Akwai ɗakunan kwana da matakala, don haka wanda zai tafi da dattijo ko yara can ya fi dacewa da shi, muddin ya kula da gwaggon biri mai fizge abinci a hannu. Sai dai ruwan ɗumi ne kawai, kuma lokacin hutu cunkoso yakan yi yawa. Ikogosi na Jihar Ekiti an mai da shi wurin shaƙatawa na masu hali, ga nisa. Na Lamurde a Adamawa da na Akiri a Nasarawa zafinsu ya haura digiri 50, ba na shiga a zauna ba ne. Tafadek kuwa, a duwatsun Abzin arewa da Agadas, sai da tsallake iyaka da rakiya.

Ni dai zaɓina shi ne gandun Gashaka Gumti, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa, kuma shi ne mafi girma a Nijeriya tun da aka mai da shi na tarayya a 1991. Ana bi ta Gombe da Numan zuwa Jalingo, daga nan Bali, sai Serti inda ofishin gandun yake. Idon ruwan zafin wannan daji babu siminti, babu rumfa, babu mai sayar da tsire, kuma ba a kai gare shi sai an taka da ƙafa tare da ma'aikacin gandun. Mutumin da ya tashi a ƙasarmu mai shimfiɗe, wanda bai san tudun da ya wuce duwatsun Dutse ba, idan ya ga tsaunuka sun kewaye shi ta ko'ina, cikinsu har da Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 wanda babu kamarsa a ƙasar nan, zai gane cewa wahalar hanyar ma wani ɓangare ce na abin da ya je nema. Da sanyin asuba ana ganin tururi yana tashi a bakin ruwan, duwatsun gefe suna da santsi, kuma kafin a tsoma jiki sai an fara gwadawa da gwiwar hannu. Dajin yana da dorina da ɓauna da manyan birai, ga ƙudan tsando, don haka riga mai dogon hannu da takalmi rufaffe sun zama dole. Lokacin zuwa shi ne daga Disamba zuwa Maris, domin da damina rafuka sukan cika su yanke hanya. A tafi da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da ruwan sha, a kuma sanar da gida ranar dawowa, saboda waya ba ta kamawa a wurare da yawa. Wanda gwiwarsa ba ta ɗaukar hawa kada a ja shi can.

Abin da na fi dubawa yanzu a kowane wuri shi ne ko akwai ofishin da ke ba da rasit, kuma ina da dalili. Shekarun baya mun yi karo-karo mu kai wani kawuna dattijo zuwa wani idon ruwa, sai wani ɗan kamasho a tashar wani gari da ke kan hanya ya rantse cewa ƙanensa ne ke tsaron wurin. Ya karɓi kuɗin shata da na ƙofa da na jagora gaba ɗaya, ya haɗa mu da direban da bai taɓa jin sunan wurin ba, sannan ya sulale. Direban ya sauke mu a ƙauyen da kwalta ta ƙare, dattijo yana zaune a kan buhu yana cewa, "Ɗana, mu koma gida, Allah ya isa." Tun daga ranar ba na biyan kowa kuɗin ƙofa sai a ƙofar, ba na ba direba fiye da kuɗin mai sai an isa, kuma jagoran da ba ofishi ko mai unguwa ne ya haɗa ni da shi ba, ba na bin bayansa cikin daji. Batun tsaron hanya ma a ofishin ake tambayarsa, ba a bakin wanda ke son kujerarsa ta cika ba.

Damfarar da ta fi wannan muni a kasuwanninmu take. Ranar kasuwa za a ga mutum da lasifika da jarkoki, yana cewa ruwan idon zafi ne ya ɗebo daga duwatsu, yana maganin shanyewar jiki da rashin haihuwa da ciwon suga. A buɗe jarkar a sansana, sau da yawa warin farar wuta ne da aka barbaɗa a ruwan rijiya. Ko da na gaskiya ne, amfanin wannan ruwa a ɗuminsa yake, wanda ke sassauta jijiya da gaɓɓai na ɗan lokaci, kuma ɗumin ba ya biyo jarka har Jigawa. Ba ruwan sha ba ne. Haka kuma masu tsayawa a bakin ruwa suna cewa sai an yanka zakara ko an ajiye kuɗi kafin ya karɓi mutum, a ƙyale su, domin hakan ya saɓa wa addini kuma damfara ce.

Masu hawan jini da mata masu juna biyu su nemi shawarar likita tukuna. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji yana iya ƙonewa bai sani ba, saboda haka wani ne zai gwada masa ruwan. Kada a nutsar da kai har ruwa ya shiga hanci, domin ruwa mai ɗumi yana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai hawa ƙwaƙwalwa ta nan. Kada a wuce kamar minti 15 a ciki, kuma duk wanda ya ce a daina shan maganin asibiti saboda an yi wankan, a rabu da shi nan take.