Batun gorar ruwan nan da kika tambaya

Yaya, gaisuwa mai yawa daga Jamus. Kin ce in duba miki ko gorar ƙarfen nan mai riƙe sanyi da zafi tana da illa kafin ki saya wa yara.

A nan kusan kowa da tasa, daga ɗan makaranta har direban bas. Aikinta ɗaya da filas ɗin da muka sani mai gilashi a ciki: bango biyu ne, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu. Bambancin kawai, wannan ko ta faɗi ba ta fashewa, sai dai ta lotsa. Abin da na ga masu saye suna yi shi ne kifa gorar su duba gindinta. In an rubuta 18/8 ko 304, ƙarfen mai kyau ne, ba ya saurin tsatsa. Sai kuma ɗan hoton kofi da cokali mai yatsu, alamar an yi ta don abinci. Tarayyar Turai ta hana sinadarin BPA, wanda ake amfani da shi wajen yin wasu robobi, a bulumbotin jarirai tun 2011, a 2025 kuma haramcin ya kai ga sauran kayan da ke taɓa abinci.

Ni dai ban ga abin tsoro a ƙarfen ba. Murfin nake zargi. Cire zoben robar da ke cikinsa ki gani, a nan funfuna ke yin baƙi ƙirin alhali cikin gorar yana ƙyalli. Kullum a wanke da sabulu da burushi, a bar shi a buɗe ya bushe, kuma kada a sa bilic domin yana cin ƙarfen.

Ruwa da shayi ba komai. Madara ce ba a bari ta wuni, don da ta koma ɗumi-ɗumi ƙwayoyin cuta sun sami wurin zama. Lemo mai gas ko ruwan 'ya'yan itacen da ya kwana kuwa iska yake tarawa. A Amurka a 2025 kamfanin manyan kantuna na Walmart ya janye gorori wajen 850,000 saboda murfi yana tsalle ya bugi fuska, har mutum biyu suka sami makanta a ido.

Ga yara, ki bar shayin ya ɗan huce kafin ki zuba, domin jikin gorar ba ya nuna zafin da ke ciki.