Tsofaffin harsasan soja a cikin Lee-Enfield: na Girka sun biya ni, na buhu kuwa a bar su

Bindigar da nake magana a kanta Lee-Enfield ce mai lamba 4, ƙirar kamfanin Savage na Amurka, daga cikin waɗanda aka ƙera wa Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu. Ban saye ta don farauta ba. Dangin wannan bindiga ne kakanninmu suka saɓa a runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma a dazukan Bama, a kwarin Kaladan da Arakan, har zuwa Myohaung a Janairun 1945, kuma akwai barikokin soja a Legas da ke amsa sunayen Arakan da Myohaung har yau. Wanda ya riƙe abu mai irin wannan tarihi ba zai yarda harsashin banza ya cinye masa shi ba. A nan Amurka nake ajiye da ita bisa doka. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai awon inci .303 irin wannan cikin waɗanda aka haramta wa farar hula.

Iri biyu na rarar harsasan soja na gwada. Na farko na Girka ne, masu tambarin HXP a gindin kwanso, tare da lamba biyu da ke nuna shekarar ƙira. Na biyu wani gauraye ne da wani mai teburi a baje kolin bindigogi yake sayarwa a buhu, da araha mai jan ido.

Kafin na ɗana ko ɗaya, sai da na kai bindigar wurin maƙerin bindiga ya auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle shi, da gindin harsashi. Wannan ba ƙaƙale ba ne. Lee-Enfield daga baya sakatarta ke kullewa, saboda haka kwanso yana ɗan miƙewa duk harbi, kuma idan tazarar ta yi yawa tsohon kwanso na iya tsinkewa daga gindi ya feso wa mutum iskar wuta a fuska. Iyakar da sojan Ingila ya sa ita ce inci 0.074. Daɗin mai lamba 4 shi ne kan sakatarta ana cire shi a sauya, akwai masu lamba 0 zuwa 3. Maƙerin ya leƙa bututun da fitila, ya duba rubutun da ke jikin ƙarfen, ya ce mini, "Yawancin masu jin ciwo ba su karanta abin da ke rubuce a bindigarsu ba ne." Gaskiyarsa. Akwai ƙirar Indiya, Ishapore 2A1, wadda kamarta ɗaya da tsohuwar Lee-Enfield amma harsashin 7.62 na NATO take ci.

Na Girkan ba su ba ni ciwon kai ba. Kwansonsu na tagulla tsaf, ba kore, ba tsagewa a wuya. Duk wanda na ja wa kunama ya tashi nan take, ƙararsu iri ɗaya, bugun kafaɗa iri ɗaya, kuma a yadi 100 suna taruwa wuri guda gwargwadon abin da ido da saitin ƙarfe za su iya. Dalili a fili yake: an yi su ne a kan awon harsashin Mark 7 na 1910, mai nauyin giram 11 da ɗoriya, mai gudun mita 740 da wani abu a daƙiƙa, wanda shi aka tsara saitin bindigar dominsa. Babban abin da ya sa ake rububinsu kuwa shi ne makunninsu, wato ɗan ƙarfen da ke gindin kwanso mai kunna albarushi, ba ya barin gishirin da ke cin ƙarfe, kuma kwanson yana sake curuwa ga masu wannan sana'a. Aibinsu ɗaya, sun yi wuya yanzu, farashinsu ya kusa kama na sababbi.

Na buhun ne suka sa na zauna rubuta wannan. Da na baza su a kan tebur ƙarƙashin fitila, sai ga tambari kala-kala, shekaru daban-daban. Wasu sun yi kore a gefen makunni, wasu wuyansu ya tsage siriri kamar gashi, sai ka juya shi ga haske kafin ka gani. Duk waɗannan na ware. Na kuma duba haruffa, don a tsarin Ingila G na nufin mai barin sawun wuta, W mai huda sulke, B mai cinna wuta, kuma babu filin harbi mai hankali da zai bari a harba su. Cikin waɗanda suka tsallake tantancewa ma, wani ya yi ƙyas, shiru, sannan bayan ɗan lokaci ya tashi. Wannan jinkirin shi ne abin tsoro. Ƙa'idarsa ita ce bakin bindiga ya ci gaba da fuskantar abin hari, hannu kada ya kusanci sakata har minti guda ya cika. Idan kuma ƙarar ta fito a raunane, a tsaya cak, a zare sakata a leƙa bututu, don ƙwayar na iya maƙalewa a ciki, kuma harba wani a bayanta shi ke fasa bindiga.

Sai aikin wanki. Tsohon makunni yana barin gishiri mai zuƙar danshi, mai kuma ba ya narkar da shi, ruwa ne kawai maganinsa. Sojojin Ingila da mazurari suke kwarara tafasasshen ruwa ta cikin bututu, ni ma haka nake yi tun kafin gari ya waye wa bindigar: ruwan zafi ta gindi, tsumma har ya fito fari, a goge fuskar sakata, a bari ya bushe, sannan a shafa mai, washegari a sake dubawa. A garin da ke da danshi kwana ɗaya ya isa tsatsa ta yi ja. Ƙari a kan haka, yawancin tsofaffin na Ingila albarushin kodayit ne a cikinsu, mai zafin ci, wanda ke zaizaye maƙogwaron bututu a hankali, kuma wannan ruwa ba ya gyara shi.

Wanda ya samu HXP a akwatinsu na asali, ya saya. Idan babu, sababbin da kamfanin PPU na Sabiya ke yi masu irin wannan nauyi sun wadatar, ba wankin ruwan zafi, ba fargaba. Ragowar na buhun na miƙa su ga masu kula da filin harbinmu, waɗanda ke da akwatin tara lalatattun harsasai, don ba a jefa irinsu a bola ko a wuta.