Na kunna wa yara Homecoming ban duba ba, Auta ya kwashi abin da ya kwasa

Laifina ne, gara in faɗa tun yanzu. Alamar shekaru tana nan a gefen sunan fim ɗin, Homecoming na mawaƙiya Beyoncé, a Netflix, a Amurka ma rukunin manya aka sa shi, amma idona bai kai wurin ba. 'Yata ta fari, mai shekara 15, ita ta dame ni da cewa "Mama, tarihin baƙar fata ne fa, har da jami'o'insu." Da na ji an ce tarihi da jami'a sai na saki jiki. Daren Asabar na tara su a falo, ita da ƙaninta ɗan shekara shida, na dafa shayi, muka kunna.

Farkonsa ya tafi da ni, ba zan ɓoye ba. Wasan da Beyoncé ta yi ne a Coachella, wani babban bikin waƙe-waƙe na Amurka, a watan Afrilun 2018, ita ce baƙar mace ta farko da aka ba jagorancin bikin. An gina wani dandamali mai hawa-hawa kamar dala, an cika shi da makaɗa da masu busa ƙaho da 'yan rawa, irin badujalar jami'o'in da aka kafa wa baƙaƙe a Amurka tun lokacin da ake hana su shiga na fararen fata. Dare biyu aka yi wasan, ɗaya da kaya ruwan ɗorawa, ɗaya da ruwan hoda, amma yadda aka haɗa hoton sai ka ga riga ta canza launi a tsakiyar juyi ɗaya, ƙafa ba ta kuskure ba. Auta ya yi ta ihu wai tsafi ne. Can kuma sai na ji busar Zombie ta Fela, na miƙe zaune na ce kai, wannan ai namu ne! Daga baya ga muryar Chimamanda Adichie, marubuciyar nan 'yar Najeriya. A lokacin har ina yaba wa kaina, wai na iya zaɓar wa yara abin kallo.

Sai aka zo wata waƙa da mawaƙiyar take huce haushi a kan namiji. 'Yan rawa suka ɗaga yatsan tsakiya, daƙuwar Turawa ke nan, aka kuma shiga maimaita wata kalmar batsa da ba zan iya rubutawa ba, ana yi ana buga ƙafa. Na laluba rimot, ya shige ƙarƙashin filo. Kafin in same shi an faɗa ta fi a ƙirga. Na wuce wurin, na saci kallon Auta, na ga hankalinsa na kan biskit, na ce Alhamdulillahi bai ji ba.

Ashe ya ji. Washegari da safe mun je gaida Hajiya, surukata, tana kan darduma da carbi. Yaron nan ya durƙusa ya gaishe ta tsaf, ya tashi ya fara buga ƙafa yana rera abin nan, daidai da kiɗansa, har da ɗaga yatsa. Hajiya ba ta jin Turanci. Ta washe baki ta ce, "Masha Allah, mai gidana ya fara Turanci! Me yake cewa ne?" Ni ta tambaya. 'Yata ta toshe baki ta fice tsakar gida. Na ce, "Hajiya, waƙar makaranta ce," ina jin zufa na bin bayana. Har naira ɗari biyu ta ba shi tukwici. Kwana huɗu na yi ina fama kafin ya bar ta, kullum gabana na faɗuwa kada ya kai ta Islamiyya.

Ita babbar kuwa mun koma mun ƙarasa mu biyu, bayan ya yi barci, kuma a nan na ɗan sauko. Tsakanin waƙoƙi ana nuna atisayen da suka yi na wata takwas, ana sako maganganun fitattun mata baƙaƙen Amurka, su marubuciya Toni Morrison da mawaƙiya Nina Simone da marubuciya Maya Angelou. Yarinyar da sai an yi da gaske take buɗe littafi, ita ce ta tsayar da fim tana neman ko wacece Toni Morrison a waya. Wannan kaɗai ya biya kuɗin data, don fim ɗin ya haura awa biyu.

Amma ko nan akwai inda raina ya sosu. Mawaƙiyar ta ba da labarin haihuwar tagwayenta a 2017, da tiyatar gaggawa da aka yi mata, da yadda ta yanke burodi da sukari da nama da kifi da madara don ta koma cikin kayan wasa, tana faɗa da bakinta cewa yunwa take ji. Ta dai ce ba za ta sake matsa wa kanta haka ba, sai dai ban san ko wannan ɓangaren ne ya zauna a kan 'yar shekara 15 da ta riga ta fara tsayuwa gaban madubi tana jan ciki ba. Washegari ta ce ba za ta ci tuwo ba. Na zaunar da ita muka yi magana mai tsawo. Ga kuma shigar, gajeren wando da rawar da ni kaina ba zan so babansu ya shigo ya same mu muna kallo ba.

To, ga ɗan firamare a'a, ko kusa. Budurwa ko saurayi da ya kai 15 ko 16, in kina zaune kusa da shi kuma rimot na hannunki, ba ƙarƙashin filo ba, zai ƙaru da wani abu. Na so in ba fim ɗin tauraro huɗu, amma jiya Hajiya ta kira ta ce in kawo mata Auta ya sake yi mata waƙar makarantar nan, ƙawayenta za su zo. Uku na ba shi.