Hattara da mai sayar da "lambobin Gwamna Lugga" a Facebook

Naira dubu 725. Tun jiya nake maimaita ta a bakina. Dubu 640 kuɗin ƙananan lambobin yabo wai na Gwamna Lugga, dubu 85 wai kuɗin aikowa da inshora. Dubu 725 a kan tarkacen da maƙerin zinariya ya jujjuya a tafin hannunsa, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

Kafin wani ya ce ni ne sakarai, ku tsaya ku ji. Shekara goma sha ina tara tsofaffin kaya, kwabo mai huji, anini, kan sarki na zamanin Turawa. Ba yau na fara ba. Na san ƙananan lambobin yabo, irin waɗanda hafsoshin Ingila ke maƙalawa a rigar cin abincin dare, kusan rabin girman na ainihi. Na san ba gwamnati ke ba da su ba, hafsa ne ke sayen abinsa wajen tela ko maƙeri. Na kuma san yawanci ba a rubuta suna a jikinsu, saɓanin manyan da ake buga sunan mai su a gefe. Na san wannan. Na sani sarai, kuma ta nan ɗin mai sayarwar ya shigo mini.

Da ya ce shi jikan Lugga ne da tun a nan na gano shi, don Lugga da matarsa Flora Shaw ba su haihu ba. Bai faɗi haka ba. Cewa ya yi kakarsa ta yi aikatau a gidan Lugga da ke Abinger a Ingila, bayan rasuwarsa a 1945 aka ba ta ƙananan a matsayin tukuici. To ku gaya mini, wa zai ji sunan Abinger a bakin mutum ya yi zaton ɗan damfara ne? Mutum nawa ne ma suka san ƙauyen?

Hoton da ya turo shi ya gama da ni. Lambobi shida jere a kan ƙarfe guda. Ga farin kuros na DSO, lambar jarumta ta hafsoshin Ingila, wanda Lugga ya samu a 1887 bayan yaƙin Bama. Ga ta Afganistan mai koren ƙyalle da jan gefe, giwa ɗauke da igwa a bayanta. Ga ta Masar mai ratsin shuɗi da fari, an rubuta Suakin 1885. Ga tauraron Khedive, wato sarkin Masar na lokacin, ga ta Indiya. Na ɗauko littafi na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wuraren da Lugga ya yi yaƙi ne. Ta shidan ce ta ja ni, mai ɗan ƙarfe da aka rubuta N. Nigeria 1903, shekarar da aka ci Kano da Sakkwato. Ni ba ƙaunar Lugga nake ba, Allah ya sani. So nake in riƙe abin a hannuna in nuna wa 'ya'yana, in ce ga ladan da aka raba a kan garuruwanmu.

Ranar Talata na tura kuɗin. A'a, Talata ce ya kira ni ta bidiyo, Laraba na tura na farko. Ko kiran bidiyon ma bai nuna fuskarsa sosai ba, hannu kawai da akwatin. Ya ce, "Ɗan'uwa, wani Bature ya taya sama da haka, amma na fi so su koma Arewa." Su koma Arewa! Wannan maganar ce. Ina zaune a mota a ƙofar gida, inji na aiki, na ji ta har cikin raina. Da na ga asusun na wani ne daban a nan gida, na tambaya, kada a ce ban tambaya ba. Ya ce ƙaninsa ne, don a guje wa asarar canji. Na danna. Dubu 640. Ina ta komawa kan wannan daƙiƙar, yatsana a kan waya.

Kayan sun iso bayan sati biyar, ko shida. Dubu 85 ɗin kafin nan ne, ya ce kaya sun maƙale. Ina buɗewa na ji ba nauyi. Ƙyallen sabo fil, sai sheƙi yake kamar ribbon ɗin ɗinkin yara, abin da aka ce ya haura shekara ɗari. Maƙerin ya kanga maganaɗisu, uku suka ɗafe. Farin fentin kuros ɗin da farce ya kankare shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ta shidan. Na juya ta, sai ga kan Sarauniya Biktoriya. Biktoriya ta mutu a Janairun 1901. Lambar da ke ɗauke da N. Nigeria 1903 a 1902 aka ƙirƙiro ta, kan Sarki Edward na Bakwai ne a jiki. Yaro ma zai iya wannan lissafin. Amma a hoton bayanta kawai ya nuna, ni kuma ban ce ya juya ba. Dubu 725, ban ce a juya ba.

Na yi masa magana, ya ce zai "bincika wajen dangi". Washegari ya toshe ni. Jiya wani aboki ya ga hoton nan dai a wani zaure, da sabon suna, yanzu kuma kakan ne wai direban Lugga.

Uwargida har yanzu ba ta san adadin ba, dubu 200 na ce mata.

Kada ku saya. Ƙaramar lamba ba suna, ba takardar gwanjo da za ku iya bibiya, ku bar ta. Ku ce a juya muku kowace, gaba da baya. Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki guda biyu suna nan tafe bayan Isha'i, in na gama rufe lambar asusuna.