Wasannin Gini A Waya Da Kwamfuta: Wanne Ya Dace Da Magidanci?

Abin da ke riƙe manya a wasannin gini shi ne babu mai ba su umarni ko wa'adi. Na ga wani maƙwabcina a Birnin Kebbi, bayan sallar isha'i, yana fitar da fasalin gidan da yake burin ginawa a unguwar Gesse, da zaure da turaka da rijiya a tsakar gida, yana rushe katanga ya sake ɗagawa ba tare da asarar buhun siminti ko ɗaya ba.

Wasan da yake yi shi ne Minecraft, wanda Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a 2009, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 2.5. Sau ɗaya ake biyan kuɗinsa a waya, sannan ana iya yin sa ba tare da intanet ba, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai lissafin data. A sashen ƙirƙira kayan gini ba sa ƙarewa kuma dodanni ba sa kai hari, don haka shi ya fi dacewa da wanda ya dawo gida a gajiye. Aibinsa shi ne babban gini yana sa ƙaramar waya zafi, musamman a watan Afrilu.

Roblox, dandalin wasannin da masu amfani da shi ke ƙerawa, kyauta ne, sai dai ba ya motsi sai da intanet, yara sun yi yawa a cikinsa, kuma sayen kuɗinsa na Robux yana cin aljihu sannu a hankali. Mai son ƙera wasan kansa a can dole ya nemi kwamfuta.

Terraria, wanda ya fito a 2011, mara nauyi ne, amma faɗa da haƙar ƙasa sun rinjayi gini a cikinsa. Cities: Skylines na 2015 na masu sha'awar tsara gari ne, da tituna da magudanun ruwa da haraji, sai dai yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da tsayayyar wutar lantarki.

Shawarata ga wanda bai taɓa gwadawa ba ita ce ya fara sauke Luanti, wasan gini mai kama da Minecraft wanda a da ake kira Minetest, domin kyauta ne kuma yana aiki a wayoyin Android. Idan bayan mako biyu har yanzu yana komawa kan gininsa, to ya sayi Minecraft.