Sharhi a kan sauya birkin tsohuwar tirelar tantinmu

Shekara uku ke nan da na sayi tirelar tanti mai naɗewa a hannun wani dattijo da ke bayan garin Kolambas a jihar Ohayo ta Amurka, irin wadda idan an rufe ta sai ta koma kamar akwati mai taya biyu, idan kuma aka isa sansani sai a juya mariƙi rufin ya ɗaga, gadaje biyu su fito ta gaba da ta baya. Ƙirar ƙarshen shekarun 1990 ce, kuma a lokacin ciniki hankalina duk yana kan tamfol da katakon daɓe, domin su ne aka ce mini ruwa yana ruɓarwa. Game da birki tambaya ɗaya na yi, dattijon ya ce bai taɓa ba shi matsala ba. Daga baya na gane cewa bai yi mini ƙarya ba, domin birkin da ya mutu murus ba ya ƙara, ba ya zafi, ba ya kuma neman gyara.

Birkin da ke jikin wannan tirela ba ya da alaƙa da ƙafar direba ko da wayar lantarki, shi ya sa nake kiransa birkin tunkuɗa. A wuyan tirelar, daidai inda take maƙale da ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, akwai wani ƙarfe mai zamewa cikin wani. Idan mota ta rage gudu, nauyin tirela yakan tunkuɗo ta gaba, sai wannan ƙarfe ya shige ciki ya danna fistin ɗin masta, wato famfon da ke ɗauke da man birki, mastan kuma ya tura man birki ta cikin bututu zuwa ƙananan silinda da ke cikin daram na kowace taya, su buɗe takalman birki su kama. Gwargwadon ƙarfin taka birkin mota, gwargwadon ƙarfin tunkuɗar. A cikin na'urar akwai ɗan ƙaramin shakazoba da ke hana ta bugawa da ƙarfi, akwai kuma igiyar waya da ake maƙalawa a jikin mota, wadda idan tirela ta ɓalle a kan hanya za ta fizgi birkin ya kama da kansa.

Abin da ya fara jawo hankalina shi ne wata ƙara kamar an buga guduma a bayan mota duk lokacin da na tsaya a danja, sannan a sake bugawa idan na tashi. Da na buɗe murfin mastan sai na tarar babu ɗigon mai a ciki, sai wani busasshen laka mai launin tsatsa. A nan na yi kuskuren da ya sa nake rubuta wannan sharhi. Na ga sabon masta ya fi kome araha, na saya na ɗaura da kaina a ranar wata Asabar, na zuba mai nau'in DOT 3, na sa babban ɗana yana danna na'urar da sandar ƙarfe ni kuma ina kwance a ƙasa ina cire iska. Taya ta dama ta kama, ta hagu kuwa ko gezau, kuma kafin mako ya zagayo man ya tsiyaye ta wani wuri da tsatsa ta cinye bututun, inda yake manne da ƙarfen ƙasan tirelar. Duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara ba ya barin ƙarfe lafiya, ga shi kuma man birki da kansa yana shan danshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa ma'aunin da aka yarje masa yana sauka zuwa 140, kuma wannan ruwan ne ke cin fistin da silinda daga ciki har su cije. Sabon masta a kan tsohon bututu daidai yake da ɗinkin sabon ƙyalle a kan rigar da ta riga ta mutu.

Daga nan na kai ta wani ƙaramin gareji da ke aikin tireloli da na ɗaukar kwale-kwale. Abin da na fi yaba wa bakaniken shi ne bai faɗi farashi ba sai da ya kwance tayoyin biyu ya kira ni na gani da idona. Silindar hagu ta cije gaba ɗaya, fatar takalmin birki ɗaya ta ɓare daga ƙarfenta tana yawo cikin daram, robar da ke tare giris ta fashe har giris ya shafe takalman dama, tiyon roba da ke haɗa bututu da ƙarfen tayoyi kuma ya tsattsage. Shakazoban na'urar tunkuɗar ma ya mutu, da hannu ɗaya ake tura shi babu wata turjiya.

Hanya biyu ya shimfiɗa mini, kuma ya bar mini zaɓi ba tare da matsa lamba ba. Ta farko ita ce a cire tsarin mai gaba ɗaya a koma birkin lantarki, wanda shi ne ke jikin mafi yawan tirelolin sansani na yanzu. Wannan yana buƙatar a sa na'urar sarrafa birki a cikin mota, a ja waya zuwa soket mai baki bakwai, a kuma tabbatar akwai batir a tirelar domin birkin gaggawa. Ta biyu ita ce a bar tsarin yadda yake amma a sauya kome, wato na'urar tunkuɗa, bututu, tiyo, da faifan birki na kowace taya wanda ke zuwa a haɗe da silinda da takalma da sifirin. Na zaɓi ta biyu saboda dalili ɗaya mai nauyi: motoci biyu ne ke jan tirelar, tawa da ta wani ɗan'uwa da muke fita sansani tare da iyalinsa, kuma birkin tunkuɗa ba ruwansa da wace mota ce a gaba muddin ƙwallon mai inci biyu ne. Na kuma tambaya ko zan iya barinta babu birki tun da ba ta da nauyi sosai, sai ya tuna mini cewa doka ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Jihohi da dama sun wajabta birki ga tirelar da nauyinta ya kai fam 3,000, amma Kalifoniya tana neman birki a tirelar sansani tun daga fam 1,500, kuma tirelar da aka loda mata ruwa da tukunyar gas da kayan abincin mutum shida ba ita ce wadda aka auna a masana'anta ba.

Aikin da aka yi yana da tsafta. Sun ɗaura sababbin faifan birki masu inci goma, irin na ƙarfen taya mai ɗaukar fam 3,500, sun lura da cewa na hagu daban na dama daban, sun sauya boris da robobinsu, sun bi sabon bututun da maƙalai masu roba don kada ya riƙa gogar ƙarfe. Tsofaffin daram ɗin sun auna su suka ce ba su cinye ba, saboda haka ba su sayar mini da sababbi ba, kuma wannan ya ƙara musu daraja a idona. Kuɗin duka, kaya da ladan aiki, ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da na sayi tirelar, ban da mastan da na yi asararsa tun farko, domin sabuwar na'urar da nata mastan take zuwa.

Sai dai akwai wurare biyu da garejin ya gaza. An yi mini alkawarin kwana biyar, aikin ya ɗauki mako biyu da ɗoriya, kuma ni ne mai kira kullum ina tambaya. Wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da na biyu. Birkin tunkuɗa ba ya bambance tsayawa da ribas, domin idan mota ta tura tirela baya, musamman a kan tudu ko ciyawa, na'urar takan shige ciki birki ya kama. Akwai faifan birki da aka ƙera su saki da kansu idan taya ta juya baya, akwai kuma ƙaramin bawul na lantarki da ake haɗawa da fitilar ribas ta soket mai baki biyar. Babu wanda ya ambata mini ko ɗaya daga cikin waɗannan kafin a yi odar kaya. Ranar da na dawo da ita gida na yi ƙoƙarin shigar da ita ƙofar gidanmu mai ɗan tudu, sai tayoyin suka ƙulle suna jan ƙasa, uwargida tana tsaye tana ɗaga mini hannu in dakata. Da na kira su sai aka ce ai akwai fegin da ake zurawa a gefen na'urar ya hana ta zamewa. Fegin yana aiki, amma duk lokacin da zan yi ribas sai na sauko daga mota, kuma idan na manta ban zare shi ba na hau titi, tirelar ba ta da birki ke nan. Na ɗaura masa jan ƙyalle mai tsawo wanda nake hangowa tun kafin in shiga mota.

A kan hanya kuwa bambancin ba ya ɓoyuwa. Gwajin farko zuwa gandun shaƙatawa na Hocking Hills da ke nan Ohayo muka yi, tafiyar kimanin sa'a ɗaya ta hanya mai lamba 33, kuma ƙarar gudumar ta ɓace, motar ta daina dulmiya hanci idan na taka birki. Bayan mil 200 na farko na ɗaga tayoyin da jak na sake daidaita takalman ta ƙaramin ramin da ke bayan faifan, kamar yadda littafin kamfanin Dexter mai ƙera birkin tirela ya tanada, wanda ya ce a maimaita hakan duk bayan mil 3,000. Wannan mataki yana da muhimmanci a birkin tunkuɗa, domin idan takalma suka yi nisa da daram na'urar takan yi doguwar tafiya kafin ta kama, sai bugun ya dawo.

Babban gwajin shi ne tafiyarmu zuwa gandun New River Gorge a jihar Bajiniya ta Yamma, inda babbar hanya mai lamba 64 ke gangarowa daga dutsen Sandstone, gangare mai tsawon mil da dama wanda har an yi wa manyan motoci hanyoyin tsira a gefensa. A nan ne na ga iyakar wannan birki. Idan na sa ƙaramar giya ina riƙe motar da inji, tirelar tana jingine da ita tun daga sama har ƙasa, saboda haka birkinta yana ɗan kamawa ba hutawa. Da muka tsaya a ƙasa na kai hannu kusa da daram ɗin na ji zafi sosai har da ɗan ƙauri, ko da yake bai kai ga hayaƙi ba. Haka kuma idan iskar wata babbar mota ta sa tirela ta fara lilo, mai birkin lantarki yana iya danna na tirelar shi kaɗai da yatsa ta miƙe, ni kuwa sai dai in ɗage ƙafa daga totur in riƙe sitiyari. Wannan ba laifin gareji ba ne, ɗabi'ar tsarin ce, kuma wanda mafi yawan tafiyarsa cikin duwatsu ne da mota ɗaya tak, ina ganin birkin lantarki ya fi dacewa da shi.

A ma'aunina aikin hannun garejin ya cancanci huɗu cikin biyar, bayanin da suke yi wa mai kaya kuwa bai wuce biyu ba. Zan sake kai musu aiki, amma da tambayoyina a rubuce. Yanzu kafin kowace tafiya nakan buɗe murfin masta in duba man, in ɗaga taya ɗaya in juya ta yayin da yaron ke danna na'urar, in kuma tabbatar igiyar gaggawa ba ta naɗe da sarƙa ba. Bawul ɗin ribas ya iso tun watan jiya yana cikin kwalinsa, ina jiran sanyi ya sassauta in ja masa waya daga fitilar baya.